Muryar Anna a Kwalin Watsi

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku. Sani ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa wa ƙanwarta, har maganar ta dawo mini daga Yamai an ƙara mata gishiri: wai Baba ya ƙona muryar Anna domin ya tsani kiɗa tun yana saurayi. Ban amsa a waya ba, domin a waya kowa katse ɗan'uwansa yake yi. Zan rubuta a nan yadda aka yi, abu yana bin abu, ku karanta ku ajiye wa 'ya'yanku. Kaset tara ne kawai a duniya suke ɗauke da muryar uwarku. Biyu na ƙona da hannuna. Wannan gaskiya ne kuma ba zan janye shi ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka kai ga haka, da yadda sauran bakwai ɗin suka isa bakin wuta su ma.

Sai na fara da aikina, in ba haka ba ba za ku gane ba. Na zo Arlit daga Damagaram da karatun lakwal, wato boko, aji shida da rubutu mai kyau. Rubutun ne ya kai ni mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan kamfanin haƙar ma'adinai, can na zauna har na ajiye aiki. A mangaza kowane abu yana da lamba, yana da kati, yana da wurinsa a kan kanta. Idan kaya suka shigo ba a buɗe su duka, ana yi musu duba uku: sama, tsakiya, ƙasa. Wanda ya wuce ya hau kanta. Wanda ya faɗi a sa shi a kwalin watsi, ƙarshen wata mutum biyu su sa hannu a takarda, a fitar da shi a lalata. Ba a ajiye mara kyau kusa da mai kyau, domin wata rana wani zai ɗauka bisa kuskure, kuma a aikin ƙarƙashin ƙasa igiya ɗaya mara kyau ran mutum ce. Haka aka koya mini, haka na koya wa na bayana, haka kuma na tafiyar da gidana. Kar ɗin ma'aikata, babbar motar da ke dawo da mu daga aiki, yana shigowa unguwa shida saura minti ashirin, ya zagaya yana sauke mutane, ni ne na ƙarshe, shida daidai ina bakin ƙofa. Ban taɓa tarar da gidan a hargitse ba. Tsakar gida a share, turmi a wurinsa, tuwo a kan wuta, ku kuma kuna zaune kamar an jera ku. Uwarku Ba'abziniya ce daga wajen Gugaram, amma Hausa muke yi a gida domin ni a harshensu ban wuce gaisuwa ba. Na ɗauka mace ce mai shiru, har ta rasu ban sauya wannan tunanin ba.

Shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan gari ya fara raguwa. Kowace safiya mota tana tsaye a ƙofar wani gida ana ɗaure katifa da tukwane, wannan zai koma Tawa, wancan Maradi, wancan daji wurin dabbobin danginsa. Abin da mota ba ta ɗauka ba sai a bar shi a bakin hanya, kuma abin da aka fi bari shi ne kwalayen tsofaffin hotuna da kaset, tunda yanzu kowa wayarsa ce rediyonsa. Madam Rakiya, malamar lakwal da ta koyar da 'ya'yan 'yar'uwarku Hadiza, ita ce ta fara tsince su. Ta ce garin nan kusan kowa daga wani wuri ya zo da rawarsa, idan aka bari mutane suka watse babu wanda zai san an taɓa yin takai a filin bayan kasuwa. Ta tara kwamiti, wani tela da zai tashi ya bar musu shagonsa, suka cika shi da kaya har ƙofa ba ta rufuwa sosai. Sannan ta zo gidana. Na ce mata ta ɓata ƙofa, ni ko a bikin aurena ban ɗaga ƙafa ba.

"Masu rawa muna da su, Malam Abdu, har sun yi mana yawa," in ji ta. "Mai jera kaya muke nema. Zo ka gani kawai, ba sai ka taɓa komai ba."

Ta san abin da take yi. Na tsaya a ƙofar shagon na ga hotuna sun manne da juna saboda zafi, kaset a cikin tukunya, ganga a kan kujera, wani ya ɗora kofin shayi a kan kwalin da aka rubuta wa "a kula". Kafin in ce komai hannuna ya riga ya ɗaga kofin. Washegari na dawo da bik da kaye, wato biro da littafin rubutu, na sa kafinta ya buga kanta biyar. Ta farko takai da kalangu da sauran kiɗan Hausa, ta biyu tende na Abzinawa, ta uku rawar Fulani da mutanen wajen Dannet suka kawo, ta huɗu ta Zabarmawa da Barebari, ta biyar ta 'yan coci na Maradi da Damagaram da duk abin da aka rasa inda za a sa shi. Ban yi don son rawa ba, kada wani ya ƙara mini abin da ban yi ba. Amma na ji daɗin watannin nan fiye da yadda na zata. Tsofaffi suna zuwa su zauna a benci suna gardama a kan hoto ɗaya, wannan ya ce wane ne yake riƙe da sandar takai, wancan ya rantse ƙanensa ne, ni kuma ba na rubutawa sai biyu sun yarda. Tun rasuwar uwarku ban samu dalilin sa hula da safe ba sai lokacin.

Kaset kuwa sun fi ƙarfin a saurare su ɗaya bayan ɗaya, don haka na yi musu abin da na sani. In sa a rediyo in ji farko, in tura gaba in ji tsakiya, in tura in ji ƙarshe. Idan waƙa ta kai ƙarshenta, kaset ya samu lamba. Idan zare ya tauna ko murya ta ɓace, kwalin watsi. Na kafa dokar sa hannu biyu, nawa da na Madam Rakiya, na samo rabin tano, wato durom na ƙarfe, na ajiye a bayan shago don ƙonawa. Cikin kayan akwai wani kwalin shayi ɗaure da baƙin ƙyalle, kaset tara a ciki, babu suna babu rubutu. Na sa na farko. Tende ne, an ɗauka a fili, iska tana bugun rediyon, mata suna tafi, wata tana waƙa da siririyar murya can sama cikin harshen da ba na ji. Da na tura ƙarshe ban sami komai ba, na koma baya ina nema har na tarar da inda ya yanke: ana tsakiyar waƙa sai hon ɗin mota daga nesa, wata ta yi gajeriyar magana, sai dariya da ƙarar kaya, sai shiru. Na biyu ma haka. Muna da kaset na tende masu kyau, waɗanda aka ɗauka a bukukuwan daji daga farko har ƙarshe, ban ga dalilin ajiye guntaye ba. Na rubuta a katinsu "bai cika ba", na jefa a kwali. Wata ya ƙare ina kan na biyun. Madam Rakiya ta zo a gaggauce tsakanin aji da aji, ta sa hannu ba ta ko leƙa kwalin ba, na kai bayan shago na ƙona su tare da hotunan da suka lalace. Ina tsaye har suka narke, domin ba na barin wuta sai ta mutu. Da na dawo na yi mata faɗa a gaban tsofaffin benci kamar yadda nake yi wa sababbin ma'aikata, na ce wanda ya sa hannu a kan abin da bai ƙirga ba bai san abin da ya yarda da shi ba. Ta ce ta ji, amma fuskarta ta nuna ba ta saba a yi mata haka ba.

Wata na gaba na ci gaba daga na uku. Duk bakwai ɗin ciwo ɗaya: hon, magana, dariya, shiru. Za ku ce da mai hankali ne da ya tsaya ya tambaya. Ni a wurina wannan ne ma ya tabbatar mini. A mangaza idan kaya suka zo a kwali ɗaya da lahani iri ɗaya, an san daga inda aka yi su ne matsalar take, don haka na ce rediyon mai su ne yake da cuta. Hon ɗin ban gane shi ba. Duk shekarun nan a cikin motar nake jinsa, a saman kaina, ban taɓa jinsa daga waje ba. Muryar ma ban gane ta ba, kuma wannan ne abin da Sani ya kasa yarda da shi. Sani, ban taɓa jin uwarka tana waƙa ba, ko sau ɗaya. Muryar da na sani ita ce ta "sannu da zuwa" da "ga ruwa".

Ƙarshen wata ya zo ƙafata ta kumbura, likita ya ce in kwanta kwana biyu. Ba na son watsi ya ƙetare wata, don haka na cika takarda na sa hannuna, na bar ta a kan kwali, na aika wa Madam Rakiya makulli da saƙon cewa gobe da safe kafin rana ta yi zafi ta sa nata hannun ta ƙona. Da safen ina zaune a tsakar gida ƙafa a kan matashi, sai Hadiza ta yi sallama tana riƙe da hannun wata tsohuwa. Tekna ce, aminiyar uwarku, wadda gidanta yake bayan namu a da. Ɗanta yana cikin waɗanda aiki ya ƙare musu, ya ɗauke ta suka koma Gugaram, yanzu ta zo a duba mata ido. Muka gaisa, ta tambayi ƙafata, na tambayi dabbobi da rijiya, muka yi wa uwarku addu'a. Hausar Tekna ba ta raba mace da namiji, na gyara maganarta a nan don ku gane. Ta ce ta ji ni ne mai riƙe da ɗakin kaset. Ɗanta ya ba da nata ba tare da ya tambaye ta ba, suna cikin kwalin shayi ɗaure da baƙin ƙyalle. Ba karɓa ta zo yi ba, so take ta saurara sau ɗaya ita da Hadiza kafin ta koma. Na ce mata cikin ladabi waɗannan ba su da amfani, duk sun yanke a tsakiyar waƙa, amma akwai wasu masu kyau da zan sa mata. Ta tambaya yaya suka yanke, na faɗa mata a jere. Sai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna girgiza. Na ɗauka kuka take yi.

"Baban Hadiza, kaset ɗina lafiyarsu ƙalau," ta ce da ta samu numfashi. "Tenden mutane yana tashi idan maƙogwaro ya gaji. Namu yana tashi idan kar ɗinka ya yi hon."

Ban gane ba, sai ta warware mini tana share ido. Kowace Alhamis bayan la'asar matan unguwa suna taruwa a yashin da ke bayan gidajenmu. Tende ba ganga ba ce da ake ajiyewa, turmi ne: a jiƙa fatar akuya a rufe bakinsa, a ɗaure da igiya a jikin taɓarya biyu, mata su zauna a kan taɓaren su ja fatar, wata ta buga, idan an gama a kwance a mayar da turmi ga hatsinsa. Turmin gidanmu ake ɗauka domin shi ne ya fi murya. Tekna ce mai bugawa, mijinta kuma yana da rediyo, shi ya sa wani lokaci ake ɗauka a kaset. Tsofaffin maza da waɗanda ba su da aikin rana suna zuwa su taka, har daga Akokan wasu ke tahowa. Da an ji hon, minti ashirin gare su su kwance igiya, su wanke turmin, su mayar da shi gidana, a share tsakar gida, a zaunar da yara. Na tambaye ta wace ce mai waƙar. Ta dube ni da idon nan nata da ya yi fari, ta daina dariya.

"Matarka. Duk unguwar nan babu mai kai ta. Ita ce kuma take cewa a ƙarshe: ku kwance, Mai Agogo ya iso."

Na juya wajen Hadiza. Ta sunkuyar da kai ta ce kowa ya sani, ita ce ma take gudu da taɓarya ɗaya, Sani ya ɗauki ɗayar. Ku da kuka sani babu wanda ya faɗa mini, kuma ba na zarginku. Ban taɓa hana uwarku ba, tunda ban san akwai abin hanawa ba, amma na san kaina, da ta tambaye ni da na hana. Ita ma ta san ni, shi ya sa ba ta tambaya ba. Na dubi agogo, takwas da kwata. Na miƙe a kan kumburarriyar ƙafar na faɗa musu a tsaye: biyu na ƙona watan jiya, bakwai kuma na ce a ƙona yau da safe. Tekna ta yi salati a hankali. Hadiza ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Tana da rai ba ta taɓa gama waƙa ba saboda kai, Baba. Guntun da ya rage ma ba za ka bar mana ba?"

Na kira wayar Madam Rakiya sau uku ba a ɗauka ba. Na fita babu hula, takalmi ɗaya a hannu domin ya ƙi shiga ƙafar. Na tare kabu-kabu, abin da na sha yi muku faɗa a kai, na ce wa mai babur ɗin shagon tela na bayan kasuwa, ya yi sauri. A hanya addu'a nake yi, kuma ba addu'a mai tsari ba, kalma ɗaya nake maimaitawa. Da muka karya kwana na hangi hayaƙi yana tashi daga bayan shagon, baƙi, mai warin roba. Ban san yadda na sauka ba. Na zagaya baya na tarar da tano yana ci, na leƙa na ga hotuna suna lanƙwashewa a ciki. Madam Rakiya tana zaune a kan bulo can gefe, kwalin shayi a cinyarta, takardata a hannunta, ranta a ɓace.

"Malam Abdu, gara da ka zo. Sauran kayan sun yi daidai, na ƙona. Waɗannan takardarka ta ce bakwai, ni shida nake gani. Sau uku na ƙirga. Ba zan sa hannu ka sake yi mini faɗa a gaban mutane ba."

Na karɓi kwalin na ƙirga, shida. Na zauna a ƙasa a wurin, a kan toka, da farar rigata. Ta tsorata ta ɗauka hawan jini ne, ta fara yi mini fifita da takardar. Na yi mata nuni da hannu ta buɗe shago. Na bakwai yana cikin rediyo. Ranar da na duba shi ƙafar ta dame ni, na rubuta katinsa na tashi ban fitar da shi ba. Duk zamana a mangaza ban taɓa barin kaya a cikin na'ura ba, na sauya wa mutane wurin aiki a kan abin da bai kai haka ba. Tsufa ne ya sa na yi mantuwar, mantuwar ce kuma ta tsayar da hannun Madam Rakiya. Babu dabarata a ciki da zan yi alfahari da ita, Allah ne ya rufa asiri. Na roƙe ta ta kashe wutar, ta zuba bokiti biyu, duk da babu sauran abin ceto a cikin tanon.

Hadiza da Tekna suka iso, Hadiza ta ƙirga kaset ɗin da kanta ba ta dube ni ba. Muka mayar da na cikin rediyon farko muka bar shi ya tafi, babu turawa. Tekna tana faɗin komai: wannan tarin mijinta ne, wannan takun mai nauyi na wani tsohon mai gadi ne da ya rasu, waƙar ta farin raƙumi ce da ya ɓace aka same shi a rijiya, yaron da ke kuka Sani ne. Hadiza ta zauna a ƙasa ta ba ni baya, bakinta yana bin waƙar. Ni ina neman matata a cikin muryar nan ban same ta ba, sai can tsakanin baiti da baiti ta ja numfashi ta hanci, yadda take yi kafin ta kira sunan ɗayanku. A nan na gane ta. Da kaset ya yi shiru Hadiza ta kama hannun Tekna suka fita ba sallama. Wata biyu tana aiko mini da abinci amma ba ta taka gidana ba. Ranar da muka saurari kaset ɗin ce ta kira Sani, shi kuma kalmar "ƙona" kawai ya riƙe.

A taron kwamiti na gaba na tashi na faɗi abin da na yi ba tare da ragi ba. Na ce a ɗauke tano, kada a sake lalata komai, kowane kaset a saurare shi daga farko har ƙarshe tare da mai jin harshen. Na ajiye makulli a kan tebur. Wani tsohon mahauci mai kalangu ya turo mini shi, ya ce idan na tafi wa zai riƙa yi musu faɗa. Tekna ta ɗaga tafiyarta mako uku, kowace safiya tana zuwa ta faɗi sunan waƙoƙi da na masu takawa, ina rubutawa. Ita ce ta gane abin da ya tafi a cikin biyun nan. Akwai waƙar da uwarku ta yi bayan haihuwar autarmu Rabi, ba ta cikin bakwai ɗin. Tekna ta tuna farkonta kawai. Rabi, taki ce na ƙona. Na rubuta abin da ta tuna a kati na daban, yana jiranki, kuma ina neman gafararki a rubuce tunda a waya na kasa.

Abokan zamana a masallaci wasu sun ce bai dace muryar matar mutum ta zama ta kowa ba. Na yi kwana uku ina dubawa, na ga ta yi shekaru tana waƙa a fili a gaban unguwa guda, mutum ɗaya ne kawai bai ji ba. Na rubuta sunanta na yanka, Assalama, ba Anna da kuke kiranta ba, a kati bakwai. Da za a zuba su a kwamfuta don ku samu a wayoyinku, Madam Rakiya ta kira ni gefe ta ce za a iya yanke ƙarshen, a bar waƙar ta lafa a hankali, kada jikokina su ji ana yi mini dariya. Na gode mata na ce a bar shi yadda yake. "Bai cika ba" da na rubuta na ja masa layi ɗaya yadda za a iya karantawa, a ƙasansa na sa: "Lafiyarsa ƙalau. Mijinta ne ya dawo daga aiki."

Hadiza ta dawo wata yamma ta tarar da ni ni kaɗai a shago rediyo yana tafiya. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, can ta fara fassara mini baiti baiti ba tare da na roƙa ba. Ba mu yi maganar abin da ya wuce ba, har yau ba mu yi ba, amma tana shiga gidana. Akwai abin da nake nema a kaset ɗin nan wanda ban faɗa wa kwamiti ba. Tun ranar da Tekna ta faɗi sunan da suke kirana, abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko uwarku tsorona take ji duk shekarun nan. Na tambayi Tekna, ta ce ita ba ta shiga zuciyar kowa ba. Sai na koma ga ɗan wurin nan tsakanin hon da shiru, na saurare shi sau da yawa. A shida daga cikinsu dariya take yi tun kafin ta gama faɗin sunan, a ɗaya ma har tana kwaikwayon sallamata, mata suna shewa. A na bakwai muryarta ta yi sauri, babu dariya, ban tabbata ba. Na sa wa Hadiza wurin, ta saurara sau biyu, ta ce ta tuna, ranar ce igiya ta ƙulle ta ƙi kwancewa. Wataƙila gaskiya ta faɗa, wataƙila tausayina ta ji. Ban sake tambaya ba, na karɓa.